Ilmi da Lafiya: 'Yar Takardar da ke Cikin Kwalin Magani

Duk wanda ya taɓa sayen magani ya san 'yar takardar nan da akan ninke a cusa cikin kwali, mai ƙananan baƙaƙe kamar sawun kiyashi. Galibin mutane da zarar sun buɗe kwalin sai su yar da ita, ba su ko dube ta ba. To, a kan wannan takarda da aka raina ne filin nan zai yi magana a wannan mako, domin sau da yawa ran majiyyaci yana rataye ne a kan abu guda, watau ko ma'aikacin asibiti ya fahimci abin da takardar ta ce, ko kuwa bai fahimta ba.

A ɗauki misali da Tumfure. Unguwa ce da ke gefen birnin Gombe ta yamma, a kan hanyar Bauci, cikin Ƙaramar Hukumar Akko. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe ran 1 ga Oktoba, 1996, birnin ya yi ta faɗaɗa har ya haɗe da ita, ta cika maƙil da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa, Fulani da Hausawa da Tangale da Tera da Waja da Bolewa da sauransu. Ga ɗakunan shan magani, ga ƙananan asibitoci, ga kuma kantunan kemis jere a bakin titi. A irin waɗannan wurare da Hausa majiyyaci yake faɗin abin da ke damunsa, da Hausa kuma ake ba shi amsa, amma duk abin da aka rubuta, daga katin asibiti har zuwa jikin kwalba, da Turanci yake.

To, a ƙaddara cewa da tsakar damina an kawo yaro ranga-ranga, zazzaɓin cizon sauro ya yi masa mummunan kamu har ba ya iya haɗiyar ƙwaya. Maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba ga irin wannan hali shi ne allurar "artesunate". Wannan allura kuwa, wadda hukumar ta fara tabbatar da ingancinta a 2010, a birnin Guilin na lardin Guangxi da ke kudancin ƙasar Sin ake yin ta. A cikin shekarar ne kuma aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da aka yi da yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da Nijeriya, inda aka ga ta rage mutuwa da kashi 22.5 cikin 100 in an kwatanta da allurar kwinin da aka saba yi a da.

Abin lura a nan shi ne, wanda ya haɗa maganin a Guilin Basine ne, Turanci ba harshen uwarsa ba ne. Wadda za ta yi wa yaro allurar a Tumfure Bahaushiya ce, ko Bafulatana, ko Batangala, ita ma Turanci ba harshen uwarta ba ne. Amma ba su da wata gada da ta haɗa su sai wannan baƙon harshe. Saboda haka matsalar ma'aikacin lafiya na ƙasar Sin wajen koyon kalmomin Turanci da fahimtar abin da ya karanta, ita ce dai matsalar ma'aikacin lafiya na Gombe, kuma akwai abin koyi a yadda Sinawa suka tunkare ta.

Abin da takardar ta ƙunsa

Domin mai karatu ya ga girman al'amarin, ga abin da bayanin wannan allura yake nema. Irin wadda aka fi sani gari ne miligiram 60 a cikin 'yar kwalba. Za a fara narka shi da mililita 1 na wani ruwa na musamman da ke zuwa tare da shi. Bayan haka, in ta jijiya za a yi, sai a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri na asibiti, kowace mililita ta ƙunshi miligiram 10. In kuwa a tsoka za a yi, mililita 2 kawai za a ƙara, kowace mililita ta ƙunshi miligiram 20. Yaron da bai kai kilo 20 ba, miligiram 3 ake ba shi a kan kowane kilo na nauyinsa, wanda ya kai ko ya wuce kuwa miligiram 2.4.

Watau yaro mai kilo 12 miligiram 36 yake bukata. In an haɗa don jijiya, mililita 3.6 ke nan. In don tsoka ne, mililita 1.8. Kalmomi biyu ne suka raba waɗannan hanyoyi, "intravenous" da "intramuscular", kuma farkonsu iri ɗaya ne. Wanda ya karanta cikin gaggawa ya ɗauki ɗaya a madadin ɗaya, ko dai ya ninka maganin, ko ya ba da rabinsa. Ba an kawo wannan lissafi ba ne don wani ya ɗauki sirinji a gida, a'a, aikin wanda aka horar ne. An kawo shi ne don a gane cewa karatun ma'aikacin asibiti ba karatun labari ba ne, wanda in an tsallake kalma ba a yi asarar komai ba.

Haka abin yake ga ƙwayoyin zazzaɓi na "artemether" da "lumefantrine", waɗanda Nijeriya ta koma gare su a 2005 bayan kulorakwin ya daina ci. Sau 6 ake sha cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da shan na farko, kuma tare da abinci mai maiƙo ko madara domin jiki ya karɓi maganin sosai. Wani kwalin an rubuta 20/120, babban mutum ƙwaya 4 yake sha a lokaci guda. Wani kuwa an rubuta 80/480, ƙwaya ɗaya tak. Duk wannan yana cikin takardar, amma mai kemis ɗin da bai karanta ba, iyakarsa ya ce, "A sha safe da yamma."

Yadda Sinawa suka yi

An daɗe a ƙasar Hausa ana buga misali da birnin Sin wajen nisa da neman ilmi. To, su ma Sinawan sai da suka nemi nasu ilmin a harshen wasu. Da Sinanci ake koyar da yawancin likitoci da nas-nas a can, da shi kuma suke jarrabawar samun izinin aiki. Amma sun gane tun da wuri cewa da Turanci ake buga manyan mujallun likitanci na duniya, wanda bai iya karanta su ba kuwa, ilminsa ya tsaya a inda malaminsa ya tsaya.

Labarin maganin zazzaɓin nan ma kansa shaida ne. Ran 23 ga Mayu, 1967, gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro. A 1972 wata masaniya mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka tace sinadarin daga wani tsiro da Sinawa ke kira "qinghao", dangin tazargade. An buga bayaninsa da Sinanci a 1977, amma sai da aka buga da Turanci a 1979 sannan masana na sauran ƙasashe suka waiwayo. Tu Youyou ta sami lambar yabo ta Nobel a 2015. Haka kuma lokacin da cutar korona ta ɓulla, likitocin birnin Wuhan da Turanci suka bayyana wa duniya halin majiyyata 41 na farko, a mujallar The Lancet ta Ingila, ran 24 ga Janairu, 2020.

Tun 1987 ƙasar Sin ta kafa jarrabawar Turanci ta bai-ɗaya ga ɗaliban jami'o'inta. Sai dai malamansu sun lura cewa Turancin yau da kullum dabam, na asibiti dabam. Don haka a 2008 wasu malamai uku na wata jami'ar likitanci ta soja da ke birnin Xi'an suka tattara maƙalolin bincike 288 daga fannoni 32 na likitanci, kalmomi fiye da miliyan ɗaya, suka ƙirga waɗanda suka fi yawan maimaituwa. Da suka ware kalmomin yau da kullum, sai suka fitar da jerin kalmomi 623 tare da rassansu, waɗanda su kaɗai sun ɗauki kimanin kashi 12 cikin 100 na dukkan rubutun. Ma'ana, maimakon a ce wa ɗalibi ya haddace ƙamus, sai aka nuna masa inda zai fara sa ƙarfinsa.

Wani masani na ƙasar New Zealand, Paul Nation, ya nuna a 2006 cewa kafin mutum ya karanta rubutu ya fahimta ba tare da taimako ba, sai ya san kimanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke ciki. Watau a shafi mai kalma 300, kada waɗanda bai sani ba su wuce 6. Wannan ga mai karatun labari ke nan. Ga ma'aikacin asibiti kuwa, ko shidan nan sun yi yawa, in har ɗaya daga cikinsu ita ce "contraindicated", wadda ke nufin an hana ba da maganin ga mai irin hali kaza.

Inda Sinanci da Hausa suka yi kama

Wani abin mamaki shi ne, sunayen cututtuka a Sinanci a buɗe suke kamar na Hausa. Basine yana cewa "gao xue ya", watau hawan matsin jini, Bahaushe ya ce hawan jini. Basine ya ce "tang niao bing", watau ciwon fitsarin sukari, Bahaushe ya ce ciwon sukari. Basine ya ce "gan yan", kumburin hanta, Bahaushe ya ce ciwon hanta. Ko yaro ya ji ya san inda aka dosa. Amma Turancin asibiti ba haka yake ba, domin yawancin kalmominsa daga harshen Girka da na Latin aka aro su, har shi kansa Baturen Ingila sai ya koye su kamar baƙo.

Sai dai abin da ya zo da wuya ya zo da mabuɗinsa. Waɗannan dogayen kalmomi ginin tubali ne, wanda ya san tubalan kuwa ya san ginin. "Hepat" hanta ce, "nephr" ƙoda, "cardi" zuciya, "derm" fata, "haem" jini. In kalma ta ƙare da "itis", kumburi ake nufi. In da "uria" ne, maganar fitsari ce. In da "ectomy" ne, an yanke abu an cire. Saboda haka "hepatitis" kumburin hanta ne, "nephritis" kumburin ƙoda, "haematuria" kuwa fitsarin jini, irin wanda tsargiya ke sa yaran da ke wanka a tafki. Wanda ya san tubali ɗari zai warware kalmomi masu ɗimbin yawa waɗanda bai taɓa gani ba. Wanda ya dogara ga hadda kuwa, da an sauya masa kalma sai ya yi tsaye cik.

Akwai tubala biyu da ya wajaba kowane ma'aikaci ya bambance ko da an tashe shi daga barci, su ne "hyper" da "hypo". Na farko yawa, na biyu ƙaranci. Mai ciwon sukari da aka kawo a sume, in sukarinsa ne ya faɗi, sukari za a ba shi nan take. In aka ɗauka hawa ya yi aka yi masa allurar insulin, an iya kashe shi. Sunayen magunguna ma suna da irin wannan tsari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya take kula da shi tun 1953. Duk wanda ya ƙare da "cillin" dangin fenisilin ne, wanda jikinsa ba ya karɓar ɗaya kuwa sai a yi hattara da sauran. Masu ƙarewa da "pril" na hawan jini ne, kuma ba a ba mai juna biyu. Amma kamar suna ba ta tabbatar da dangantaka: "chlorpromazine" na taɓin hankali ne, "chlorpropamide" kuwa na ciwon sukari.

Tarko na biyu shi ne kalmomin da mutum yake zaton ya sani. Mutumin Tumfure ya san "labour" a sunan rukunin gidajen ma'aikata da ke unguwarsa, amma a ɗakin haihuwa ma'anarta naƙuda. "Discharge" tana iya zama sallama daga asibiti, tana iya zama ruwan da ke fita daga miki. "Positive" a makaranta abin yabo ne, a takardar gwajin jini kuwa sau da yawa ma'anarta an sami cutar. Tarko na uku kuma 'yan ƙananan kalmomi ne irin su "unless" da "except" da "at least" da "not more than", waɗanda ido kan tsallake, alhali su ne ke juya ma'anar jimla gaba ɗaya. Daɗin daɗawa ga taƙaitattun baƙaƙe na Latin da likitoci ke rubutawa, "bd" sau biyu a rana, "tds" sau uku, "qds" sau huɗu. Saboda yawan kuskuren da irinsu suka jawo, a 2004 hukumar da ke tantance asibitoci a Amurka ta hana rubuta waɗansu daga ciki. A 2017 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kurakuran ba da magani suna jawo wa duniya asarar dala biliyan 42 a kowace shekara.

Nauyi biyu a kan mutum ɗaya

A nan ne halin ma'aikacin Gombe ya bambanta da na takwaransa na Sin. Basine ya koyi aikinsa da harshen da zai yi magana da majiyyaci, Turanci taga ce kawai da yake leƙa duniya ta cikinta. Ɗalibin Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Gombe kuwa, ko na Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Kaltungo, ko na Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, da Turanci aka karantar da shi, da Turanci aka jarraba shi, littafin ƙa'idojin aiki da ke kan teburinsa ma da Turanci yake, sa'an nan a tura shi ya yi wa tsohuwa bayani da Hausa ko Fulatanci. Ke nan shi likita ne kuma tafinta, amma aikin farko kaɗai aka koya masa. Su ma likitocin Sin da lardin Guangxi yake aikawa Jamhuriyar Nijar tun 1976, waɗanda suka yi aiki a Yamai da Maraɗi da Damagaram, sun ɗanɗana irin wannan, domin takardun asibiti da Faransanci suke, majiyyata kuwa da yawansu Hausa suke ji.

Fassarar kuwa ba ƙaramin aiki ba ce. In uwa ta ce ɗanta yana da shawara, tana iya nufin idonsa ya yi rawaya ne kurum, alhali a littafin likita wannan alama ce da ke iya fitowa daga ciwon hanta, ko sikila, ko zazzaɓi mai tsanani. In magidanci ya ce basir ke damunsa, ko mace ta ce sanyi ne, kalma ɗaya ce ta rufe cututtuka da dama waɗanda Turanci ya rarrabe. Ma'aikacin da ya haddace kalmar Turanci bai san abin da ke ƙarƙashinta ba, ba zai san tambayar da zai yi ba balle ya rarrabe. An fara ƙoƙari ta wannan fuska, domin a 2017 an buga a Ibadan wani ƙamus na Turanci da Hausa na kalmomin da suka shafi ƙanjamau da Ibola. Amma cuta biyu ke nan cikin ɗaruruwa.

Abin yi

Ga ma'aikaci shi kansa, ba sai ya jira kowa ba. Ya samu ɗan littafin rubutu ya raba kowane shafi gida uku: kalmar Turanci, tubalan da aka gina ta da su, sa'an nan yadda zai faɗe ta ga majiyyaci da Hausa. Kullum ya ɗauki takardar magani ɗaya daga cikin waɗanda yake bayarwa ya karanta ta daga farko har ƙarshe, ya ja layi a ƙarƙashin kowace lamba da kowace kalmar hani. In ya gama ya kife ta, ya faɗi abin da ta ce da Hausa. In ya kasa, to, bai fahimta ba tukuna, sai ya sake. Kalma biyar a rana, in an kwashe ranakun hutu, ta haura dubu ɗaya a shekara. In kuwa ya yi shakka a kan wata kalma alhali majiyyaci na gabansa, kada kunya ta hana shi tambayar na gaba da shi, domin matambayi ba ya ɓata.

Ga makarantun horar da ma'aikatan lafiya, ya kamata su mai da Turancin asibiti darasi mai cin gashin kansa tun daga shekarar farko, a kuma jarraba ɗalibi ta hanyar ba shi takardar magani ta gaske ya bayyana ta da harshen jama'a. Ya dace malaman Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe su zauna da malaman Turanci da na Hausa na jami'o'i, su yi irin aikin da aka yi a Xi'an, watau su tattara littattafai da takardun da ƙananan ma'aikata ke amfani da su, su ƙirga kalmomin da suka fi yawa, su fitar da jeri tare da daidaitacciyar fassara, a raba wa kowane ɗakin shan magani a mazaɓu 114 na jihar. Hukumar NAFDAC kuma, wadda aka kafa a 1993, tana iya neman kamfanoni su ƙara taƙaitaccen bayani da Hausa da sauran manyan harsuna a jikin magungunan da aka fi sha, musamman na yara.

Ga jama'a kuwa, haƙƙin majiyyaci ne ya tambayi sunan maganin da aka ba shi, da yawan da zai sha, da lokacin sha, da abin da zai guje wa. Kada a yar da takardar cikin kwali, a kai wa wanda ya iya ya karanta. Sinawa sun yi nasu ƙoƙarin, sun gano magani, sun koyi harshen da za su gabatar da shi ga duniya. Abin da ya rage shi ne wanda zai buɗe kwalin a Tumfure ya karanta, ya gane, sa'an nan ya ɗauki allura. Allah ya sa a dace.